Darasi na Bakwai: Ferdinand Piëch, Injiniyan da Ya Zama Shugaban Kamfanin Motoci

Manufar darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bayyana matakan da Ferdinand Piëch ya taka daga ɗakin gwajin inji zuwa kujerar shugabanci;
2. faɗin yadda ake ɗaga darajar mota har ta shiga sahun motocin alfarma;
3. bayyana ma'anar tsarin tushe ɗaya da amfaninsa ga kamfani;
4. rarrabe tsakanin gwaninta a sana'a da iya jagorancin mutane.

Gabatarwa

A kowace sana'a akwai ranar da gwani kan ajiye kayan aiki ya koma ba da umarni. Bakanike ya zama ogan gareji, birkila ya zama ɗan kwangila, malamar aji ta zama shugabar makaranta. A ranar ne ake gane cewa sarrafa ƙarfe daban, riƙon mutane daban. Za mu duba wannan batu ta hanyar rayuwar mutum ɗaya, injiniya ɗan ƙasar Ostiriya wanda ya shugabanci kamfanin Volkswagen na Jamus, ya kuma tara manyan sunayen motocin alfarma irin su Bentley da Lamborghini da Bugatti a ƙarƙashin inuwa ɗaya. A tarihinsa akwai abin koyi, akwai kuma abin kiyaya.

Asali da karatu

An haifi Ferdinand Piëch a birnin Vienna ranar 17 ga Afrilu, 1937. Kakansa na wajen uwa shi ne Ferdinand Porsche, injiniyan da ya tsara Volkswagen Beetle, motar nan mai siffar kunkuru da injinta ke baya, wadda aka riƙa harhaɗawa a Legas tun daga 1975. Kawunsa, Ferry Porsche, shi ke jan ragamar kamfanin motocin Porsche a Stuttgart. Mahaifinsa ya rasu a 1952, mahaifiyarsa Louise ta ci gaba da riƙe kasuwancin iyali a Ostiriya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: yaron ya tashi ne a gidan da zancen inji ya zama hirar yau da kullum.

Duk da haka karatun boko bai zo masa da sauƙi ba. Shi da kansa ya sha faɗin cewa yana da larurar da ke sa haruffa su riƙa rikice wa mutum wajen karatu da rubutu. Inda basirarsa take shi ne lissafi da zane da fahimtar yadda inji ke aiki. Ya daure har ya kammala digirin injiniya a babbar makarantar kimiyya da fasaha ta Zurich a ƙasar Suwizalan a 1962, kuma aikin da ya gabatar na kammalawa a kan injin motar tsere ne.

A Porsche: mota 25 a jere

A 1963 ya kama aiki a kamfanin kawunsa, a sashen gwajin inji. Cikin 'yan shekaru ya zama shugaban sashen ƙirƙira, kuma burinsa guda ne: Porsche ta lashe gasar Le Mans ta Faransa, inda motoci ke tsere awa 24 ba dare ba rana.

Motar da ya shirya don wannan gasa ita ce Porsche 917, mai inji silinda 12 wanda iska ke sanyaya shi. Piëch ya ɗauki nauyin mota a matsayin babban abokin gaba. Ƙashin motar na siraran bututun alminiyom ne, nauyinsa kilo 42 kacal. An cika bututun da iskar gas, aka maƙala ma'auni, domin in wani wuri ya tsage ma'aunin ya sauka a gane da wuri. Kan sandar giya na katako aka yi. Hatta makullin motar sai da aka huda shi don a rage ɗan nauyin da ke jikinsa. Wannan ya nuna irin injiniyan da muke magana a kai: babu abin da ya yi ƙanƙanta a idonsa.

Dokar gasar ta ce sai kamfani ya ƙera guda 25 na irin wannan mota kafin a yarda ta shiga. Masu dubawa suka ƙi karɓar alkawari ko tarin kayan da ba a haɗa ba. Ma'aikata suka duƙufa, a watan Afrilun 1969 aka jera mota 25 cikakku a harabar masana'anta, aka kira masu dubawa. Gani ya kori ji, suka sa hannu.

Amma motar ta farko tana da hatsari. Idan ta wuce gudun kilomita 320 a awa sai ta riƙa rawa a kan titi, har direbobin kamfanin suna ɗari-ɗari da ita. A gasar Le Mans ta 1969 wani direba ɗan Ingila, John Woolfe, ya rasa ransa a cikinta a zagayen farko. Sai da aka sauya fasalin bayan motar yadda iska za ta danne ta ƙasa sannan ta natsu. A 1970 ta ba Porsche nasararta ta farko a Le Mans, ta sake ci a 1971.

Nasarar ta ci kuɗi mai yawa, ga kuma saɓani tsakanin jikokin Ferdinand Porsche kan wanda zai gaji kamfanin. Iyalin suka yanke shawara mai wuya: duk ɗan gida ya janye daga gudanarwa, a bar wa ƙwararru na waje. A 1972 Piëch ya bar kamfanin da ke ɗauke da sunan kakansa.

A Audi: yadda ake ɗaga darajar mota

Ya ɗan taɓa aikin kansa, inda ya taimaka wa Mercedes-Benz wajen tsara injin dizal mai silinda biyar. A shekarar ta 1972 kuma ya shiga Audi a garin Ingolstadt, a 1975 ya zama daraktan sashen fasaha. A lokacin ana ganin Audi a matsayin motar rufin asiri. Mai kuɗi Mercedes ko BMW yake nema. Piëch ya ƙuduri aniyar sauya wannan kallo, kuma da aikin injiniya ya yi hakan, mataki bayan mataki.

Mataki mafi shahara ya samo asali ne daga wani ma'aikacinsa. A lokacin gwajin hunturu a Finlan, injiniya Jörg Bensinger ya lura cewa wata ƙaramar motar soja mai suna Iltis, wadda ke ja da ƙafa huɗu, tana barin motocin da suka fi ta ƙarfi a baya a kan ƙanƙara. Ya kawo wa Piëch shawarar a saka irin wannan tsari a motar hawa mai gudu. Piëch ya saurara, ya ba da dama, ya kuma kare aikin a gaban manya. Sakamakon shi ne Audi quattro, wadda aka nuna a bajekolin motoci na Geneva a 1980. Da ita Audi ta lashe kambun duniya na kamfanoni a tseren daji a 1982 da 1984, da ita kuma Michèle Mouton ta Faransa ta zama mace ta farko da ta ci wani zagaye na wannan gasa a 1981.

Wasu matakan ba su da amo irin wannan, amma su ne mai saye ke amfana da su kullum. A 1982 aka fito da Audi 100 mai sumul ɗin jiki da ke ratsa iska cikin sauƙi, abin da ke rage shan mai. A tsakiyar shekarun 1980 Audi ta fara lulluɓe bodin motocinta gaba ɗaya da tutiya don kada tsatsa ta ci su. A 1989 ta fito da injin dizal na TDI mai ƙarfi da tsimin mai. Aikin bodin alminiyom da aka fara a zamaninsa ya haifar da Audi A8 a 1994. Shi kuwa Piëch ya zama shugaban Audi a 1988.

Abin lura a nan shi ne, daraja ba ta samuwa da talla kaɗai. Mai saye yana biyan kuɗin alfarma ne idan ya ga bambanci da idonsa, ya ji shi a hannunsa: ƙofa ta rufe da sauti mai taushi, fenti ya daɗe, mota ta riƙe titi. Audi ta shafe kusan shekara ashirin tana wannan gini.

A Volkswagen: ceto kamfani

Ranar 1 ga Janairu, 1993, Piëch ya zama shugaban rukunin Volkswagen baki ɗaya, wanda ya ƙunshi Audi da Seat ta Sifaniya da Škoda ta ƙasar Cek. Ya tarar da kamfanin cikin mawuyacin hali. Kuɗin ƙera mota ya yi yawa, ciniki ya faɗi, a wannan shekara an yi asarar kusan Mak biliyan biyu, kuɗin Jamus na wancan lokaci.

Ya bi hanyoyi uku. Ta farko ta shafi ma'aikata. Lissafi ya nuna cewa akwai rarar mutum kusan 30,000 a masana'antun Jamus. Maimakon a sallame su, kamfanin da ƙungiyar ƙwadago ta IG Metall suka amince a koma aikin kwana huɗu a mako, awa 28.8 a madadin 36, a kuma rage albashi. Kowa ya ɗan ji jiki, amma ba a tura dubban iyalai cikin rashin aiki ba.

Ta biyu ita ce matsa wa masu kawo kayan haɗa mota su rage farashi. Don haka ya ɗauko José Ignacio López daga kamfanin General Motors na Amurka. Wannan ya jawo rigima, domin General Motors ta yi zargin cewa López ya tafi da takardun sirri. A 1997 aka sasanta: Volkswagen ta biya dala miliyan 100, ta kuma yi alkawarin sayen kayan dala biliyan ɗaya daga wajensu.

Ta uku ita ce wadda injiniya ne kawai zai hango ta sosai, wato tsarin tushe ɗaya. A kowace mota akwai abin da mai saye ke gani, kamar bodi da fitilu da kujeru, akwai kuma wanda ba ya gani, kamar shimfiɗar ƙasa da inji da giya da burki da wayoyin lantarki. Ɓangaren da ba a gani shi ya fi cin kuɗi wajen tsarawa. Piëch ya rage yawan waɗannan tushe, ya sa motoci daban-daban su hau kan guda, kamar yadda ƙullin wake ɗaya ke ba da ƙosai ya kuma ba da alala. Golf 4 ta 1997, wadda har yau ake gani a titunanmu, tushenta ɗaya da Audi A3 da Audi TT da Škoda Octavia da Seat Leon. Kamfani ya sayi kaya iri ɗaya da yawa a farashi mai sauƙi, ya sayar da motocin a farashi daban-daban. Lokacin da ya sauka a 2002, ribar shekara ta haura Yuro biliyan biyu da rabi.

Shekarar 1998: sayen manyan sunaye

Da kuɗi suka samu, Piëch ya juya ga motocin ƙasaita. A cikin shekara guda, 1998, rukunin ya mallaki Lamborghini ta Italiya ta hannun Audi, ya sayi haƙƙin sunan Bugatti, ya kuma sayi masana'antar Crewe ta Ingila da ke ƙera Rolls-Royce da Bentley a kan fam miliyan 430.

A cinikin Crewe akwai darasi ga kowane ɗan kasuwa. Volkswagen ta fi BMW tayi, ta samu masana'anta da ma'aikata da sunan Bentley. Amma haƙƙin sunan Rolls-Royce yana hannun wani kamfani daban mai ƙera injin jirgin sama, shi kuma ya ba BMW a kan fam miliyan 40. Daga farkon 2003 BMW ce ke ƙera Rolls-Royce. Kafin ka biya, ka tabbatar da abin da takarda ta ce ka saya.

Bentley dai ta zama alheri. A 2003 aka fito da Continental GT, wadda aka gina da fasahar rukunin amma aka ƙawata da aikin hannu na fata da katako irin na Crewe. Kamfanin da a da ke sayar da mota kusan dubu ɗaya a shekara ya haura 10,000 a 2007.

Bugatti kuwa gwajin iyakar fasaha ce. Piëch ya gindaya wa injiniyoyi sharaɗi: mota mai ƙarfin doki sama da dubu, mai gudun sama da kilomita 400 a awa, wadda kuma za a iya hawa cikin gari lafiya lau. Babbar matsalar ita ce zafi, har sai da aka saka wa motar lagireto goma. Bugatti Veyron ta fito a 2005 da inji silinda 16, ƙarfin doki 1,001, da gudun kilomita 407 a awa. Guda 450 aka ƙera a cikin shekara goma. Farashinta ya haura Yuro miliyan ɗaya, amma masu nazarin kasuwa sun ƙiyasta cewa a kan asara aka sayar da kowace.

Inda ya fi kuskure shi ne Volkswagen Phaeton ta 2002. Motar ta ƙeru matuƙa. Daga cikin sharuɗɗan da ya kafa har da cewa ta iya yini tana gudun kilomita 300 a awa cikin zafin digiri 50, alhali cikinta na nan a digiri 22. An gina mata masana'anta ta musamman mai bangon gilashi a Dresden. Sai dai masu kuɗi ba su yarda su biya farashin babbar Mercedes a kan mota mai tambarin da ke jikin Golf ba. Aka daina ƙera ta a 2016. Injiniya ya amsa tambayar ko za a iya ƙera motar, amma shugaban kamfani bai tsaya ya tambayi wanda zai saya ba.

Mulki da tsoro

A manyan kamfanonin Jamus akwai hukuma biyu: hukumar gudanarwa da ke tafiyar da aiki, da majalisar sa ido da ke naɗa shugabanni da sauke su, wadda rabin kujerunta na wakilan ma'aikata ne. Daga 2002 Piëch ya koma shugaban majalisar sa ido, ya ci gaba da riƙe akalar kamfanin har 2015. A wannan zamani ne, a 2012, Porsche ta shigo rukunin Volkswagen baki ɗaya.

An san shi da ƙarancin magana da tsananin bincike. Yakan duba ɗan ratar da ke tsakanin ƙofa da bodi, ya nemi a matse ta, domin a wurinsa wannan rata ce ke tona asirin ingancin aiki. Bob Lutz, tsohon babban jami'i a kamfanonin motoci na Amurka, ya ba da labarin cewa Piëch ya gaya masa yadda ya cimma haka: ya tara injiniyoyin bodi, ya ba su mako shida su gyara, in ba haka ba ya maye gurbinsu da wasu. Manyan daraktoci da dama sun rasa kujerunsu a hannunsa, har da Bernd Pischetsrieder, wanda shi ya zaɓe shi ya gaje shi, aka sauke shi a ƙarshen 2006.

A Afrilun 2015 ya juya wa Martin Winterkorn baya, shugaban hukumar gudanarwa na lokacin, mutumin da ya daɗe yana ɗagawa. Wannan karon majalisar ba ta bi shi ba, sai ya yi murabus ranar 25 ga watan. Wata biyar bayan haka hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo cewa Volkswagen ta saka manhajar yaudara a injinan dizal, wadda ke rage hayaƙi mai guba a lokacin gwaji kawai. Abin ya shafi mota kusan miliyan 11 a duniya, ya ci wa kamfanin sama da Yuro biliyan 30 na tara da diyya da gyara. Ba a gurfanar da Piëch a kotu kan wannan ba. Amma masana harkar da yawa, ciki har da Lutz, sun ce al'adar tsoro da ya dasa ce ta share fagen: inda ma'aikaci ba zai iya cewa abu ba ya yiwuwa ba, wata rana zai nemi hanyar ɓoye gaskiya. Piëch ya rasu ranar 25 ga Agusta, 2019, yana da shekara 82.

Wata hanyar daban

Kada ɗalibi ya ɗauka sai ɗan gidan masu kamfani ke kaiwa wannan matsayi. Andy Palmer ɗan Ingila ya fara ne a matsayin ɗan koyon aiki yana da shekara 16. Ya ci gaba da karatu yana aiki har ya samu digirin digirgir, ya kai babban muƙami a Nissan, sannan ya shugabanci Aston Martin daga 2014 zuwa 2020. Abin da ya haɗa shi da Piëch shi ne sanin aikin tun daga tushe.

Muhimman kalmomi

*Motar alfarma:* mota mai tsada da ake saye don inganci da jin daɗi da martaba.
*Tsarin tushe ɗaya:* gina motoci iri-iri a kan shimfiɗa da inji da kayan ciki guda.
*Haƙƙin suna:* ikon da doka ta ba wani na amfani da suna ko tambari wajen kasuwanci.
*Majalisar sa ido:* hukumar da ke naɗa shugabannin kamfani, tana kuma bin diddigin aikinsu.

Tambayoyi

1. Waɗanne dabaru aka bi don rage nauyin Porsche 917?
2. Me ya sa Piëch ya bar kamfanin Porsche a 1972?
3. Daga wa shawarar Audi quattro ta fito, kuma me wannan ke koya wa shugaba?
4. Ta yaya aikin kwana huɗu a mako ya ceci ma'aikata?
5. Me ya sa Bentley Continental GT ta samu kasuwa, Phaeton kuwa ta rasa?
6. Wace alaƙa ce ke tsakanin mulkin tsoro da ɓoye gaskiya a wurin aiki?

Aikin aji

Ku kasu rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya tattauna a kan ogan da ya taɓa yi wa aiki, ba tare da kama suna ba. Wace ɗabi'arsa ce ta sa aiki ya yi kyau, wacce ce ta sa yara suka riƙa ɓoye kuskure? Ku rubuta uku-uku, ku karanta wa aji.

Kammalawa

Sanin aiki ne ya kai Piëch kujerar shugabanci, shi ne kuma ya ba shi ikon ganin abin da wasu shugabanni ba sa gani. Ya fi samun nasara a lokutan da ya saurari na ƙasa da shi, kamar a batun quattro da yarjejeniyar ma'aikata. Kamfanin ya fi shan wahala a inda maganarsa ta zama ba ta da mai musu. Hausawa sun ce babba juji ne, wato dole shugaba ya iya ɗaukar abin da ba ya son ji. Ɗalibi, ka ƙware a sana'arka iyakar ƙoƙarinka. Ranar da aka ba ka riƙon mutane, ka tsananta a kan ingancin aiki, amma ka bar ƙofarka a buɗe ga wanda zai zo ya ce maka akwai matsala.